Giram Uku na Zanen Fatou

Vénissieux, gefen Lyon, 9 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Rékia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Chaibou da yara, da kasuwar Belleville. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da sanyi ya fara tayar mini. Leïla ta shiga shekara ta biyu a makarantar aikin jinya, tana gaishe ki. Shekara guda ke nan da wata biyu da rasuwar mahaifiyarta, amma har yau in na dawo daga garaji da ƙarfi nake sallama, kamar Fatou za ta amsa daga ciki.

Kin san injinan manyan motoci sun cinye mini kunne, ba na jin waya da kyau, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma maganar ta awo ce. Duk zuriyarmu ta maƙera ba wanda ya gaji sikeli sai ke, ko da yake barkono da daddawa kike aunawa.

Jirgin saman nan da kike kira kejin kaji ya ƙare. Shekara shida muna manna katako muna ɗame yadi, ni da Jacques, tsohon kafintan nan da ya kai ni koyon tuƙi. Saura abu guda. A bayan wutsiya akwai wani ɗan ƙyaure a kwance, shi ne in na ja sanda jirgi ya ɗaga hanci, in na tura ya sunkuya. Dole nauyin gabansa da na bayansa su zo daidai a kan mahaɗin da yake juyawa, kamar sikelinki ba kaya. In baya ya rinjaya, da jirgi ya ɗau gudu sai ƙyauren ya kama karkarwa, kafin mutum ya ƙirga biyar wutsiya ta yage. Jacques ya taɓa binne abokinsa a kan haka.

Namu baya ya rinjaya, kin kuma san dalili, don kina nan ranar da Fatou ta fara yi masa fenti. Fatou ta ce ita ba ta taɓa ganin motar kirki da ba zane a bayanta ba. Ta ɗauko fentin ƙofa ta zauna tana yi wa ƙyauren zanen ƙwarya irin na garinsu, ja da shuɗi da rawaya, shafi kan shafi, duk tsawon jinyarta. Na san fenti yana da nauyi, ban hana ta ba. Ba abin da ya rage mata da take ɗoki sai wannan. Ta ce mini, "Ni ba zan hau ba, amma hannuna zai hau." Na ce mata zai hau.

A gaban ƙyauren akwai ɗan ƙaho mai rami inda ake zuba dalma. Ramin bai kai finjalin shayi ba, kuma ba halin faɗaɗa shi, sai ya gogi jikin wutsiya. Na cika shi maƙil, dalma ta tsaya giram 340. Abin da ake buƙata 385. Mai dubawa na hukuma zai zo a Afrilu. Ki yi tunani irin na mahaifinki, Kawu Harouna, Allah ya jiƙan sa: me ya fi dalma nauyi a ɗan wuri?

Naki,
Mounkaila

*

Stains, 20 ga Oktoba, 1995

Malam Mounkaila matuƙin keji,

Na ga takardarka, na gode Allah da kuke lafiya. Mu ma ça va. Chaibou yana nan yana zuwa izin ɗinsu, masana'antar yankan ƙarfe, yana dawowa da warin mai. Gwiwarka kuwa ba sanyi ba ne, tsufa ne, ka daina ɗora wa Faransa laifi.

Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, wannan ne kaɗai ya sa nake jure ka. Mutum ya haura shekara arba'in da bakwai, kurma, ya ce zai hau katakon da ya manna da hannunsa ya tashi sama. To Allah ya kyauta.

Amsarka ba ta buƙatar sikeli. In kaya sun yi yawa a faranti guda, ragewa ake yi. Ka kankare fentin. Na san abin da na faɗa, na rubuta na soke na sake rubutawa. Fatou ƙawata ce tun kafin ka san hanyar gidansu, ni na yi mata wankan gawa. Da za ta ji zanenta zai jefo ka daga sama, da kanta za ta ɗauki wuƙa ta kankare. Ka ɗauke shi hoto mai kala, ka rataye a ɗaki.

Tambayarka kuma, tunda ka yi ta: zinariya. Baba kan ɗora mini ɗan dunƙulen dalma a hannun hagu, na zinariya daidai girmansa a dama, ya ce in rufe ido. Hannun dama ke faɗuwa, har sai na tallafe shi. Amma ina za ka ga zinariyar cika ƙahon jirgi, kai da takalminka guda ne?

Ka gaishe mini da Leïla. Na aiko mata yaji, kar ka cinye.

Rékia

*

Vénissieux, 6 ga Nuwamba, 1995

Hajiya Rékia,

Muna lafiya, yaji ya iso. A gurguje nake rubutu, lokacin cin abinci ne a garaji.

Fenti ba zai fita ba, ki bar wannan maganar. Amma kin ba ni amsa. Kayan zinariyar Fatou da ke hannunki, awarwaro huɗu da sarƙa, na tuna kin ce giram 125 ne. Na yi lissafi, sun isa su fitar da ni. Ki aiko da su ta hannun wanda kika yarda da shi kafin ƙarshen wata.

Mounkaila

*

Stains, 14 ga Nuwamba, 1995

Mounkaila,

Lafiya muke. Ban da wata doguwar gaisuwa yau.

Na karanta layukanka shida a tsaye a cikin butik, gaban masu sayayya, har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. "Sun isa su fitar da ni." Wato ka kai su wurin mai saye, ka sayo wa kejinka wani ƙarfen Turawa. Ba ka ji kunyar biro ba?

Bari in tuna maka, tunda kunnenka ya mutu har da na zuci. Ranar Laraba ce, a asibiti, kai ka fita neman ruwa. Fatou ta ciro ƙullin daga ƙarƙashin matashi ta danƙa mini. Ta ce na uwarta ne, na Leïla ne, ranar aurenta. Ta ce, "Rékia, ko shi kar ki ba, yana da kirki amma in ya sa abu a gaba ba ya ganin gefe." Na yi dariya a lokacin. Yau ban yi ba.

Ba zan aiko ba. Kar ka turo kowa, kar ka sa Chaibou baki. Na ji haushinka ƙwarai, kuma na ji tausayinka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Rékia

*

Vénissieux, 22 ga Nuwamba, 1995

Hajiya Rékia,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma haka.

Shekara talatin kin san ni, har kika iya zaton zan kai awarwaron Fatou kasuwa. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ba sayarwa nake nufi ba. Narkarwa zan yi in zuba a ƙahon, dalma ta cike sauran. Suna nan a jikin jirgi, ranar da Leïla ta tashi aure in fasa in fitar. Laifina ne da ban bayyana ba, na ɗauka ƴar maƙeri za ta gane. Amma ban san ta ce ko ni kar ki ba. Tunda ta faɗa, shi ke nan, na janye.

Na nemi wata hanya. Akwai ƙarfen da ake ce wa tungstène, nauyinsa ɗaya da zinariya. Kamfanonin da na rubuta wa biyu ba su amsa ba, na uku ya ce ba ya hulɗa da mutum ɗaiɗai. Wuta irin tamu ma ba ta narka shi.

To ga abin da na yanke. Mai dubawa ba ya kwance ƙyaure ya auna, takardar awo yake karantawa, ni kuma nake cika ta. Zan rubuta 385. Zan tashi a hankali, ba zan wuce gudun da ke jawo karkarwa ba, in zaga fili sau ɗaya in sauka. Sau ɗaya kawai nake so. Jacques bai sani ba, idonsa ya yi rauni, abin da na karanta masa shi yake ji. Ke kaɗai na gaya wa, don ban saba yi miki ƙarya ba.

Mounkaila

*

Stains, 29 ga Disamba, 1995

Mounkaila ɗan Inna Hadjara,

Da sunan uwarka na kira ka don ka san ba wasan taubasai nake ba.

Takardarka ta 22 ga Nuwamba jiya ta shigo hannuna. Yajin aikin nan ne ya riƙe ta, kwana talatin da shida tana kwance a buhun gidan waya. Ni kuma ina nan ina cewa fushi kake, na ce to ya yi ta yi, ba zan fara ba. Ba metro, ba jirgin ƙasa, a bayan motar wani mai kifi nake zuwa Belleville ina zaginka a zuci. Ashe kai kana can ka yanke wa kanka hukunci.

Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Wannan guda. Na biyu, da ma na gane narkarwa kake nufi, amsar ba ta canzawa. Awarwaron da uwar Fatou ta sa a hannu ba dunƙule aka ba ni ajiya ba.

Na uku. Ka ce za ka tashi a hankali. Wa ya gaya maka gudun da karkarwar ke farawa? Ka auna? Kai da bakinka ka ce kafin a ƙirga biyar. Yarinya ta binne uwa bara, kana so ta je gonar wani Bafaranshe ta tsinto uba. Kuma ka zauna gaban tsoho mai raunin ido ka karanta masa ƙarya, mutumin da ya ba ka shekara shida. Wallahi in ka rubuta lambar da ba ita ba, ni zan hau jirgin ƙasa in gaya wa Jacques da Faransancina na kasuwa, in gaya wa Leïla da Hausa. Na buga waya jiya sau uku, ba wanda ya ɗauka.

Yanzu ka buɗe ido ka karanta. Na ba Chaibou labarin ƙarfen da ka ambata, ban gaya masa sauran ba. Sai ya yi dariya ya ce ai su kullum zubar da danginsa suke. Injinansu na yankan ƙarfe suna da wasu ƴan haƙora da ake ɗaurawa, kowane bai fi ƙwayar gujiya ba, suna ce musu carbure. In sun dakushe sai a kwance a jefa a gwangwani. Yau ya kawo mini cikin tafin hannu. Mounkaila, na ɗauki guda, hannuna ya tuna da Baba.

Ban yarda da hannu kaɗai ba, na yi gwajin da yake yi wa zinariyar da bai amince da ita ba. Na aro bibiro, kwalbar shan madarar jaririn maƙwabciyata mai layukan awo a jiki, na zuba ruwa. Na auna dalma giram 300, irin ta ƙafar mota, na jefa, ruwa ya hau kusan layi uku. Na auna haƙoran giram 300, ruwa ya hau layi biyu da ɗan ɗoriya. Ba su kai zinariya ba, amma sun bar dalma a baya. In ka jera su a ramin ka kwarara dalma ta bi tsakaninsu, lissafina ya ba ni 387. Ka sake lissafawa, kai ne mai boko.

Patron ɗinsu, shugaban wurin aikin, ya ce a kwashe, amma sai an tara. Ka ba ni sati uku. Kar ka taɓa takardar nan kafin nan.

Rékia

*

Stains, 19 ga Janairu, 1996

Mounkaila,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya, ko da yake ban da hanyar sani tunda ka yi shiru.

Ga ƙunshi nan, rabin kilo, a gwangwanin tumatir. Ni na zauna na zaɓe su ɗaya-ɗaya kamar tsintar shinkafa, na wanke da sabulu don mai ya fita. Ƙananan na ƙulle daban, su za ka cusa a lungu. Ka gasa su su yi zafi kafin ka zuba dalma, in ba haka ba za ta daskare a baki ta bar rami a ciki. Kar ɗigon ruwa ya kusanci wurin. Na san ka sani, amma ku ɓangaren gidanku ƙera fartanya kuka iya.

Azumi ya kusa. In fushi kake, ka ajiye shi zuwa bayan salla. Ka rubuto mini ko layi guda ne, in san ba ka cika takardar ba. Na kasa cin abinci da daɗi.

Rékia

*

Vénissieux, 25 ga Fabrairu, 1996

Hajiya Rékia,

Barka da salla, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Muna lafiya. Leïla ta yi mana miyar da ta kusa kai ta uwarta, gishiri ne ya yi yawa.

Ban cika takardar ba. Ba fushi ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Kwana biyu bayan takardarki na je wurin Jacques na faɗa masa abin da na yi niyya. Ya ɗauki mabuɗin rumfar jirgin ya sa a aljihu. Sati biyu bai ba ni ba. Ranar da gwangwaninki ya zo na kai masa, ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce, "Wace ce wannan matar?" Na ce wata mai sayar da barkono ce. Ya ce in gaishe ki, ya ajiye mabuɗin a kan tebur.

Sau uku muka zuba. Na farko ban gasa su sosai ba, abin da kika faɗa ya faru, kar ki yi murna da yawa. Na biyu 369. Na uku na jera su da hantsaki kamar mai ginin bulo, muka samu 376. Daga nan ba ƙari. Haƙoran suna da kusurwa, dole su bar wuri. Saura giram tara.

Jacques ya ce abin ya zo da sauƙi. Bakin ƙyauren na baya ya fi ƙahon nisa da mahaɗi sau uku, don haka giram ɗaya a can yana cin uku a nan. In an cire giram uku na fenti a bakin baya, an gama. Uku kacal, Rékia, bai kai ƙwayar sukarin shayi ba.

Sai dai kin san me ke bakin baya. Shi ne layin da ta yi a ƙarshe, shuɗin nan da ya bi gefe daga wannan kusurwa zuwa waccan. A lokacin hannunta ya fara rawa, buroshi na tsayawa, fenti na taruwa. Nan ne ya fi kauri. Akwai wurin da ta dafa da yatsa don kar ta faɗi, shatin yatsan yana nan. Jiya na ɗauki reza na tsaya a kansa har aka kira la'asar a zuciyata, don nan ba mai kira. Na kasa. Ba zan iya kankare wannan in share da tsintsiya in zuba a shara ba.

Ba zan yi ƙarya a takarda ba, na yi miki alkawari. Amma jirgin nan zai tashi da zanenta cikakke, ko zan shekara goma ina neman giram tara. Ki tambayi Chaibou ko akwai ƙananan haƙora fiye da waɗannan.

Naki,
Mounkaila

*

Stains, 8 ga Maris, 1996

Taubashina,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Mun yi salla lafiya. Ka ce wa Leïla ta riƙa ɗanɗanawa kafin ta ƙara, ka ce wa Jacques mai barkono ta amsa.

Chaibou ya ce ba ƙananan da suka fi waɗannan. Na ji daɗi da ya faɗi haka, don ba can amsar take ba.

Wa ya ce maka shara? Ka zauna a maƙerar Baba damina biyu, ko ba ka kallon komai sai tuwo? In zai goge awarwaro da magagari, me yake fara yi? Walki yake shimfiɗawa a cinya. Duk garin da ya zubo a nan yake tsayawa. In ya gama ya tattara da gashin kaza, ya juye a kasko, ya narkar, ya mayar a jikin awarwaron, wajen ƙulli, inda ba a gani. Matar da ta kawo giram talatin, talatin take ɗauka ta tafi. Na taɓa hura garin don wasa, ranar ce kaɗai ya taɓa duka na. Ya ce abin mutane ba ya raguwa a hannunmu, wuri kawai yake canzawa.

Ai za ka toshe bakin ƙahon da gam in ka gama. To shimfiɗa farin ƙyalle. Ka bi layin da reza a hankali, kaurin kawai za ka rage, ba launin ba, shuɗi yana nan a ƙarƙashin shuɗi. Ka tsallake wurin yatsan. Abin da ya zubo ka tara, ka kwaɓa da gam ɗin, ka shafe hancin ƙahon da shi. Ka ga ya bar inda yake ja maka baya ya koma inda yake taimakonka. Ba ƙwayar da za ta rage a ƙasa.

Ga ƙaramin sikelin Baba na aiko, da duwatsunsa a cikin gwangwanin taba asara. Tunda na zo ƙasar nan bai taɓa kwana a wani gida ba. In ka ɓatar da dutse guda, kar ka sauko, ka zauna can sama.

Kuma wannan aikin kar ka yi shi kai kaɗai. Yarinyar nan tana da hannun jinya, kuma uwarta ce.

Rékia

*

Vénissieux, 13 ga Mayu, 1996

Hajiya Rékia,

Gaisuwa mai yawa, da barka da layya ko da ta wuce. Ina lafiya. Na fara da wannan don na san shi za ki fara nema.

Mun yi aikin ranar wata Lahadi da hantsi. Leïla ta kawo reza irin ta asibiti. Ni na riƙe ƙyauren, ita ta kankare. Ta shimfiɗa farin kallabin uwarta a ƙasa. Awa huɗu muna yi, tana kankarewa tana ba ni labarin ranakun da ina garaji su biyu suna wannan zanen, abubuwan da ban taɓa ji ba. Ashe rawayan nan na tsakiya ita ta shafa, Fatou ta hana ta faɗa mini. Mun yi kuka, mun yi dariya, Jacques ya fita waje ya ce zai duba iska.

Sikelin Kawu ya nuna giram uku da ɗan kaɗan. Na tattara da gashin tattabara, kaza ta yi wuya a nan. Na kwaɓa, na shafe hancin ƙahon, ya fito shuɗi. Da ya bushe muka ɗora ƙyauren a kan bakin wuƙaƙe biyu muka saki. Ya yi lilo sau biyu ya tsaya a kwance. Jacques ya sa hannu ya shafa don bai yarda da idonsa ba. Shatin yatsan yana nan, ba a taɓa shi ba.

Mai dubawa ya zo ranar 18 ga Afrilu. Abin da na ce miki ba ya yi, shi ya yi: ya sa muka kwance ƙyauren ya auna da kansa. Na tsaya ina kallonsa, ina tuna lambar da na so rubutawa. Ya tambayi me ke cikin ƙahon. Na ce haƙora daga Stains. Ya sa hannu a takardar amincewa.

Shekaranjiya Asabar, ƙarfe tara na safe, iska ta kwanta. Na yi alwala, na yi raka'a biyu a kan ciyawa, na hau. Ba zan iya ba ki labarin tashin ba, ban san lokacin da ƙasa ta sake ni ba. Na hau mita dubu. Na ƙara gudu kaɗan-kaɗan yadda Jacques ya tsara, ina riƙe da sanda da yatsa biyu ina jiran in ji ko za ta yi rawa. Har na kai iyakar abin da aka rubuta na ranar, ba ta motsa ba. Na ga kogin Rhône, na ga duwatsu masu ƙanƙara can gabas. Minti ashirin da biyar.

Daga inda nake zaune ba a ganin wutsiya sosai, sai an juya. Na saki kafaɗa na waiwaya. Ga ja, ga rawaya, ga layin shuɗin nan rana na dukansa, ba komai a ƙarƙashinsa sai sarari. Na ce mata, "Fatou, ga shi ya hau." Da ƙarfi na faɗa, irin sallamar da nake yi a ƙofa.

Da na sauka Leïla ba ta zo wurina ba, wutsiya ta nufa ta duba. Sai da ta gama sannan ta rungume ni.

Sikeli zai dawo ta hannunta ranar Juma'a, duwatsu bakwai cif, ki ƙirga. Ta ce tana so ki nuna mata awarwaron, ba ta taɓa riƙe su ba. Ki nuna mata, ki mayar inda suke.

Kujera biyu ce a jirgin. Jacques ya ce sai na cika awannin gwaji kafin in ɗauki mutum, wajen Agusta ke nan. Leïla ce ta farko. Ta biyu kuma, ki rubuto mini nauyinki na gaskiya, da zane da mayafi da jaka. Ki hau sikelin buhunan butik, ki sa Chaibou ya karanta. Kin san yanzu ba na rubuta lambar da ba ita ba.

Taubashinki,
Mounkaila